Kabewar Baba Karimu

Shekara arba'in da ɗaya Baba Karimu ya yi yana aski a unguwar Moshi Zango ta Kumasi, a wata 'yar rumfa mai kwano biyu daura da masallacin unguwa, har hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari ya ce sanyi ne. Daga baya ya ce laifin askar zamani ce, ba ta da nauyi. Ranar da ya tsage wa liman gefen kunne, jini ya ɓata farar rigar Juma'a, sai ya wanke askarsa, ya haɗa ta da buroshin kumfa, ya naɗe su a tsumma ya tura ƙarƙashin gado, ya sanar da duniya cewa ya ajiye aiki.

Duniya ba ta ce komai ba. Wadda ta ji a jikinta ita ce matarsa Mma Sala, mai koko da ƙosai a ƙofar gida. Mutumin da a da ba ta ganinsa sai bayan la'asar, ga shi yanzu a kan benci kusa da kaskonta, yana ba ta shawara a kan man suya, a kan girman ƙosai, har da yadda ya kamata a yi wa mai saye murmushi. Ta daure sati uku.

"Maigida," ta ce masa wata safiya, "filin nan naka na Atonsu, an ce ciyawa ta kai wuyan mutum. In ba ka je ka nuna fuska ba, wata rana za ka tarar wani ya yi gini a ciki har da fenti."

Filin ya saye shi tun yana da ƙarfi. An jera bulo layi uku, aikin ya tsaya nan shekara goma sha takwas. Baba Karimu ya shafa gemu ya ce ai dama abin da yake tunani ke nan. Zai noma wurin. Noma a jininsa yake, in ji shi, domin kakansa daga ƙasar Katsina ya fito, kuma kowa ya san yadda mutanen can suke da fartanya. Mma Sala ta san kakan nan goro ya zo saye, ya zauna, ya mutu bai taɓa tona rami ba sai na turken jaki. Amma sai ta zuba masa koko a kwano mai murfi ta ce Allah ya ba da sa'a.

Abin mamaki, ƙasa ta karɓe shi. Ruwan Kumasi ba ya jiran gwani. Ya share filin, ya shuka kuɓewa da gauta kaɗan, sauran wurin duk ya ba wa kabewa, don ya daɗe yana kukan cewa miyar taushe ta ɓace a Zango, 'yan zamani sai kwantomire, miyar ganyen gwaza. Kafin wata biyu yaɗon kabewar ya rufe bulon, ya hau katangar maƙwabci, ganye kamar faifai. Kullum da yamma in ya sauko daga tarotaro, motar haya, takalmi duk taɓo, ba ya wankewa sai ya bi ta bencin dattawa a gaban masallaci, don a gani a tambaya. Nan ya fara rabon kabewar da ba ta ko fito ba. Ya yi wa liman alkawarin biyu saboda kunnen nan. Ya yi wa abokinsa Osmanu tela alkawarin ɗaya. Ladan, mai unguwa, gwauruwar da ke bayan gidansu, har direban tarotaron da ke ajiye masa kujerar gaba, kowa ya samu rabo. Da Mma Sala ta lissafa, gida ashirin da uku ne.

Maƙwabcin filin wani Badagombe ne daga arewa mai suna Seini, dogo, marar yawan magana, yana gadin wani bene da ba a gama ba wanda mai shi ke Turai. Hausarsa irin ta Zango ce da aka koya a kasuwa, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. A bayan benen, ƙarƙashin wani mangwaro, yana da amya biyu na katako. Baba Karimu ya san da su, yana jin gunjinsu da hantsi, amma bai taɓa haɗa su da gonarsa a ransa ba. A ganinsa zuma harkar Seini ce, kabewa kuwa harkar manoma.

Sai ga wasu jajayen ƙwari ƙanana sun sauka a ganyen, suna huda shi kamar rariya. Baba Karimu ya ɗauki abin a matsayin raini. Ranar kuwa Seini ya tafi arewa jana'izar yayansa, babu wanda zai tambaya, kuma ko da yana nan, da wuya jikan mutanen Katsina ya tambayi mai gadi yadda ake noma. Ya wuce kasuwar Kejetiya kai tsaye. A can cikin cunkoso ya samu wani mai talla da lasifika a wuya, yana sayar da maganin ɓera da na kyankyaso da wani baƙin ruwa a kwalba marar takarda.

"Wofa," in ji mai tallan, wato kawu da yarensu, yana ɗaga yatsa ɗaya, "murfi ɗaya pe, ɗaya tak, a famfo guda. Ɗaya. Duk abin da ke motsi zai kwanta."

Baba Karimu ya aro famfon feshi, ya zuba murfi uku. Shi dai bai taɓa yarda da rowa ba, ko sabulun aski da yawa yake shafawa. Ya zaɓi sassafe, lokacin da babu rana, lokacin da furannin kabewa suka buɗe baki rawaya ko'ina a filin. Ya goya famfon, ya ɗaure hanci da tsohon rawani, ya shiga yaɗon yana takawa kamar soja. Da ya ga ƙudan zuma suna shiga cikin furen suna fitowa jikinsu duk gari, sai ransa ya ƙara ɓaci.

"Ashe har da ku," ya ce. "Waɗancan na cin ganye, ku kuna cin fure. To bismilla."

Ya saita bakin famfon cikin furen ya matsa. Haka ya yi safiya uku a jere, don ya tabbatar.

Jajayen ƙwarin sun mutu, wannan gaskiya ne, kuma ya ba da labarinsa a benci har sau huɗu. Filin ya yi tsit. Babu gunji, babu malam-buɗe-littafi, ko zanzaron da ke gini a jikin bulo ya ɓace. Baba Karimu ya tsaya a tsakiya, hannu a ƙugu, ya saurari shirun nan ya ji daɗinsa. A ransa ya ce haka gonar mai tsari take.

Bayan 'yan kwanaki ya lura da wani abu. Wasu furannin suna fitowa da ɗan ƙullutu a gindinsu, kabewa ce ƙarama kamar ƙwan zabo. Sai ta kwana biyu, ta yi rawaya, ta yi laushi, ta faɗi. Ya tsinci biyar, ya tsinci goma sha biyu. Ya ƙara taki, ya rage taki. Yaɗon na ta gudu, fure na ta fitowa, 'ya'ya na ta zubewa. Daga ƙarshe ya gane abin da ke faruwa, ko kuma ya ɗauka ya gane: baki ne. Ya yi yawan magana, an sa masa ido. Ya tuna yadda Osmanu ya ce "Masha Allah" a gajarce ranar da ya nuna masa hoton gonar a waya. Kwana uku yana amsa gaisuwar Osmanu da ƙyar, abokin shekara hamsin, mutumin da ya ɗinka masa rigar aure. Har ya tofa addu'a a ruwa ya yayyafa a kusurwa huɗu na filin.

Yana cikin yayyafin ne ya ji an kira shi ta kan katanga.

"Baba. Zo ka gani."

Seini ne, ya dawo da asuba, ko jakarsa bai kwance ba. Baba Karimu ya zagaya, ya fara yi masa ta'aziyya, amma mutumin bai tsaya ba, ya wuce gaba zuwa gindin mangwaro. A gaban amya ta farko ƙudan zuma ne a ƙasa, tuli guda, sun bushe, tururuwa na ja. Seini ya ɗaga murfin. Wani wari mai tsami ya taso. Saƙar tana nan, amma babu mai tafiya a kanta. Ta biyun da sauran rai, 'yan kaɗan suna rarrafe a bakin ƙofa kamar masu maye.

"Shekara shida," in ji Seini. "Daga Ejura na kawo shi a kaina. Me ka fesa?"

Baba Karimu ya ji bakinsa ya fara aiki kafin hankalinsa. Ya ce shi a gonarsa ya yi feshi, bai tsallaka katangar kowa ba. Ya ce ƙwari ai suna da cututtukansu. Ya ce wa ya sani ko hayaƙin masu ƙona taya ne. Seini ya kama hanya zuwa cikin kabewar, Baba Karimu na biye, ya sunkuya ya buɗe wani busasshen fure da yatsa biyu. A ciki ga ƙudan zuma a dunƙule, harshe a waje. Ya buɗe wani, haka. Na uku ma haka.

"Wanda ya mutu a nan, ya mutu a nan," ya ce. "Wanda bai mutu ba, ya kai gida, ya ba yara."

Baba Karimu ya nemi wurin zama, ya samu bulo. Maganar yaran ce ta shige shi. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ai ya ga suna cin furen ne.

Seini ya dube shi kamar yadda ake duban wanda ya tambayi ina rana take fitowa. Ya tsinko fure biyu. "Wannan namiji. Ka ga sanda a ciki, da gari. Wannan mace, ga ɗa a gindinsa. In zuma bai ɗauki gari daga nan ya kai nan ba, ɗa ya faɗi. Ba ci yake ba, Baba. Aiki yake maka."

Mutum mai 'ya'ya bakwai da jikoki goma sha ɗaya, wanda ya yi wa rabin yaran Moshi Zango askin suna, yau ga shi a kan bulo ana koya masa namiji da mace. Ya tuna ruwan addu'ar da ke hannunsa, ya tura robar bayan ƙafarsa a hankali. Ya tuna Osmanu. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa.

"Seini, na cuce ka," ya ce. "Na cuci bayin Allah. Ka faɗi abin da zan yi."

"Ba ni ka kashe ba."

"To bari in riƙa yi maka aski, kyauta, har ƙarshen raina."

Seini ya kalli hannun da ke rawa a kan gwiwa. Labarin liman ya iso har Atonsu. "Zuma ya tafi," ya ce. "Bar ni da kunne."

Sauran maganin da ke kwalba, Baba Karimu ya ɗauka a fusace zai juye a rafin da ke gangaren filin. Seini ya riƙe masa hannu ya ce, "Kifi kuma me ya yi?" Aka ɗaure kwalbar a leda uku aka kulle a ɗakin siminti, har ranar da wani malamin gona ya zo unguwar aka miƙa masa. Amyar da ta rage kuwa, Seini ya kai ta gonar wani ɗan garinsu can bayan gari, inda babu Baba Karimu.

Saura kabewa, da gida ashirin da uku masu jira. Seini ya ce hanya ɗaya ce, sai mutum ya yi aikin da hannu: a sami abu mai laushi, a shafo garin namiji, a kai wa mace, kuma da sassafe, don kafin rana ta take furen ya rufe. Da Baba Karimu ya koma gida ya durƙusa ya jawo tsumman nan daga ƙarƙashin gado. Buroshin kumfar yana nan, gashinsa ya yi laushi da shekaru. Mma Sala ta tambaye shi ko ya koma sana'a ne. Ya ce wani abu mai kama da haka.

Daga ranar, da an sallame sallar asuba sai ya kama tarotaron farko. Ya shiga yaɗon da raɓa, ya sunkuya, ya leƙa gindin fure ya ga ko namiji ne, ya shafa, ya lallaba zuwa mace, ya shafa. Rawar hannun da ta kore shi daga aski, a nan ta yi amfani, garin na zuba da kansa. Amma baya bai yarda ba, gwiwa ma haka. In ya yi fure goma sha biyar sai ya zauna yana haki, yana tunanin cewa halittar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba tana gama filin nan kafin ya gama daidaita hularsa, ba ta biyan kuɗin mota, ba ta shafa man zafi, kuma ta koma gida da zuma. Shi da me yake komawa? Da wando jiƙe da ƙaiƙayin ganye.

Ranar Asabar ta biyu Mma Sala ta bar wa maƙwabciya kasko ta biyo shi ba da saninsa ba, don ta ga wace irin sana'a ce ake yi da buroshi babu aska. Ta iso ta tarar da mijinta, dattijo mai shekara sittin da bakwai, kai a ƙasa, ɗuwawu a sama, yana lallashin fure yana cewa, "Haƙuri, 'yar nan, buɗe kaɗan." Ta tsaya. Ta dafa katanga. Dariyar da ta yi har Seini sai da ya leƙo daga saman bene.

"Maigida, wanzanci ka bari ka koma dillancin aure?"

Bai ɗago ba. "In kin gama, ga namiji can kusa da ƙafarki, miƙo min."

Kafin magariba labari ya gama Zango. Da ya doso benci, Osmanu ne ya fara, a hankali ta cikin hanci: "Zzzz." Ladan ya karɓa. Har liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na motsi. Baba Karimu ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ga in ya yi fushi abin zai bi shi har kabari. Sai ya zauna, ya gyara riga, ya ba da labarin da kansa tun daga murfi uku, bai rage komai ba. Da ya zo kan ruwan addu'a ya juya ga Osmanu ya ce, "Kai na zarga, Osmanu. Na ce idonka ne. Ashe idon yana goye a bayana, da igiya biyu da famfo." Osmanu ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ya yafe, amma kabewarsa tana nan. Wani dattijo da ke da lambun gauta a bayan gidansa ya daina dariya tun tsakiyar labarin, daga baya ya jawo shi gefe ya tambaye shi a wane lokaci ne ya ce ya yi feshin.

Kabewa huɗu suka nuna. Uku masu kyau, ɗaya ta fito a karkace, gefe guda ya cika, gefe guda ya shanye, inda buroshin bai kai ba. Mma Sala ta zauna da wuƙa ta yanka su yanki-yanki, aka zagaya gida ashirin da uku da faranti. Liman ya samu yanki biyu. Karkatacciyar suka ci a gida, kuma Baba Karimu ya rantse bai taɓa shan taushe irin wannan ba, ko da yake ya sha ta ne a tsaye, don bayansa bai yarda da tabarma ba tukuna.

Da damina ta zagayo ya sake shuka. Wannan karon jajayen ƙwarin da suka zo, toka ya barbaɗa musu, ya jiƙa ganyen dogon yaro ya yayyafa wa ganye kawai, da yamma bayan fure ya rufe, kamar yadda Seini ya nuna masa. Wasu suka mutu, wasu suka ci rabonsu, ya bar su. Seini ya zuba masa ido wata guda cur. Sai wata Alhamis ya ce gobe zai dawo da amyar, ta murmure, amma yana son mai kama masa.

Suka ɗauko ta da sanyin safiya a bayan wani babur mai ƙafa uku, an toshe ƙofar da tsumma. Suka sauke a gindin mangwaro. Seini ya ce masa ya ja baya kafin a buɗe. Baba Karimu ya ce a'a, shi mai laifi ne, ya kamata ya tsaya ya yi musu barka da zuwa. Ya matso, ya cire hula, ya fara: "Bayin Allah, ni ne Karimu..." Seini ya zare tsumman. Ta farkon da ta fito cikin ƙudan zuman ba ta ko yi shawagi ba, ta zarce kan leɓensa na sama.

Haka ya je masallacin Juma'a, leɓe ya kumbura ya rufe ƙofar hanci, yana amsa gaisuwa da kai. Da ya dawo gida Mma Sala ta ajiye ludayi ta dube shi, ta ce, "Inna lillahi, me ya same ka?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓen ya ƙi. "Mun yi sulhu," ya ce da ƙyar. "Wakiliyarsu ce ta sa hannu."

Ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta miƙa masa, ta ce ya zauna a ciki, kada ya kore mata masu sayen ƙosai.